ABIN DA IYA KULU TA GANI A ƊIGON RUWA

Shafi na 23

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu ƙorafin shafin jiya ya yi gajarta, na ji ku. Na yau sai da na ajiye wayar sau biyu kafin na iya ƙarasa shi.

*

Saura kwana biyar jarrabawa.

Ni'ima ce kaɗai ta rage a lab, wato ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ta koyon aikin lafiya a Makarfi. Laraba ce, ranar kasuwa, 'yan ajinsu sun watse tun bayan azahar. Ita kuwa ta roƙi mai kula da ɗakin ya ƙara mata awa guda.

Ranar Litinin za su shiga jarrabawar aikin hannu ta darasin ƙwayoyin cuta. Darasin nan shi ya kayar da ita zangon da ya wuce. In ta sake faɗuwa, sallama ce.

Kuma Malama Mukarrama ce za ta tsaya a kansu. Matar da a cikin ɗalibai arba'in, kullum sunan Ni'ima take fara kira in tambaya ta yi tsauri. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mata sannu ba.

Ruwan kududdufin bayan makaranta Ni'ima ta ɗebo a 'yar kwalba. Sai ta ɗiga a kan gilashi, ta ɗora a madubin hangen ƙwayoyin cuta, ta murɗa har hoton ya fito, ta duba agogo. Minti biyu ake ba mutum. Ita har yanzu uku take ci.

"Salamu alaikum. Nan ne ɗakin masu leƙen gilashi?"

Ta ɗago a firgice.

"Iya! Wa ya nuna miki nan?"

Iya Kulu ce, kakarta wadda ta haifi babanta, tsaye a bakin ƙofa da ƙullin kaya a ka. Daddawa ta kawo kasuwa daga Dandamisa.

"Bakina ya nuna mini. Na je ɗakin kwananku aka ce kina nan kina fama. Dube ki don Allah, duk kin zama wuya."

Ni'ima ta durƙusa. Ina wuni, ya hanya, ya kasuwa, ya su Baba, ya ƙafar taki. Iya ta amsa ɗaya bayan ɗaya, amma idonta na kan madubin.

"Ga rake nan, ga ƙuli. Babanki ya ce in gaya miki yana addu'a."

"Na gode, Iya. Sai dai ba a shigowa nan, sai ɗalibai."

"To ai ban shigo ba. Ƙafata ɗaya ce a ciki."

Ni'ima ta yi dariyar da rabonta da ita ya kai mako.

"Wai ke me kike gani a cikin abin nan?" in ji Iya. "Shekara biyu ana ce mini kina karatun ƙwayoyi. Ni ƙwayar da na sani ta hatsi ce, sai ta ido."

Ni'ima ta leƙa baranda. Ba kowa.

"Ajiye kayan a waje. Kar ki taɓa komai. Minti ɗaya kawai, Iya."

Ta ɗaga kwalbar.

"Me kika gani?"

"Ruwa."

"Da wani abu a ciki?"

"Ya ɗan yi duhu. Amma na sha wanda ya fi shi."

Ni'ima ta ɗiga ɗigo ɗaya a sabon gilashi, ta rufe, ta saita. Ta kamo kafaɗar tsohuwar ta sunkuyar da ita.

"Buɗe ido biyun. Kar ki matsa da yawa."

Iya ta kafa ido.

"Ba na ganin komai sai hasken... tsaya."

Sai Iya ta yi baya da sauri har ɗankwalinta ya zame.

"Innalillahi! Ni'ima, suna tafiya!"

Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin madubin. Ta duba gilashin da idonta. Ɗan danshi ne kawai, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ta dubi jikarta, ta sake dubin gilashin, sannan a hankali ta mai da idonta.

"Ga wani kamar silifa, yana juyi. Ga wani kore mai wutsiya. Laa, ya yi karo da ɗan'uwansa ya kauce! Ke, suna ganin juna ne?"

"Ba su da ido, Iya."

"Ba ido, kuma ya kauce? Suna cin abinci?"

"Suna ci. Suna hayayyafa. Suna mutuwa."

"Wa ke ciyar da su?"

"Wanda ke ciyar da mu."

Iya ba ta ɗago ba. Leɓenta kawai ke motsi.

"Subhanallah. Subhanallah. Gari guda a ɗigon da bai kai hawaye ba. Shekara sittin da biyar ina ɗiban ruwa, ban san da jama'a nake tafe a ka ba."

Ni'ima ta dubi kakarta. Ta yi watanni tana kallon abubuwan nan, maki kawai take gani. Yau ta ji kamar ita ma yanzu aka fara nuna mata.

"Duk masu sa cuta ne?"

"A'a. Yawancin waɗannan ba ruwansu da mu. Masu kisan sun fi su ƙanƙanta."

"Har akwai wanda ya fi wannan ƙanƙanta?"

"Ni'ima Yahya."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Ni'ima ta waiga.

Malama Mukarrama ce, farar riga a jiki, takunkumi a fuska, katin aiki rataye a wuya.

"Wa ya ba ki izinin shigo da baƙuwa lab?"

"Malama, ki yi haƙuri, na..."

"Kin san hukuncinsa? Kin san zan iya hana ki shiga ranar Litinin?"

Iya ta gyara ɗankwali ta matso.

"'Yar nan, sannu da aiki. Laifina ne. Ni na nace, ita ta hana ni. Ki dubi Allah ki dubi furfurata."

Malama ta juya ta kalle ta. Kallon ya yi tsawo.

"Mama, daga ina?"

"Daga Dandamisa."

"Sunanki fa?"

"Kulu."

Malama ta juya. Ta wuce wurin wata 'yar akwatin katako, ta buɗe, yatsanta ya bi jerin gilasan ciki ya tsaya kan ɗaya. Ta zaro shi, ta rufe rubutun jikinsa da babban yatsa, ta ɗora da kanta.

"Tunda kin zama malama, bismillah. Kamar ranar Litinin. Minti biyu. Sunansa, hanyar da yake bi, alamunsa. Da Hausa za ki faɗa, yadda kakarki za ta gane."

Ni'ima ta ɗiga man madubi, ta juyo babban idon madubin, ta murɗa. Hazo. Ta ƙara murɗawa. Hazo. Ta ja numfashi ta sassauta kaɗan.

Sai ga su.

Jajaye, ƙanana, ba adadi. Kowanne ya ɗan lanƙwashe kamar jinjirin wata.

"Ƙwayar kwalara ce, Malama. Amai da gudawa."

"Ci gaba."

"Ta ruwa take shiga, ko abincin da bayan gida ya taɓa. Ta fi yawa da damina, in ambaliya ta tura masai cikin rijiya. Ruwan yana iya zama garau, ba wari, ba launi."

"Alamu."

"Gudawa fara, tsinkakkiya, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Amai. Ido ya faɗa ciki. Murya ta dusashe. Jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa. Fatar yatsu ta yamutse kamar wanda ya wuni yana wanki. Mutum zai iya tashi lafiya da safe, kafin magariba..."

"Tsaya."

Ba Malama ce ta faɗa ba. Iya ce.

"Maimaita na yatsun."

"Fatar yatsu ta yamutse, Iya. Kamar wanda ya wuni yana wanki."

Iya ta lalubi bango. Ta sulale ta zauna a ƙasa, a kan simintin lab, ta miƙe ƙafa.

"Haka hannun Halima ya yi. Na ce yarinyar da ba ta taɓa wanki ba, me ya sami hannunta?"

"Wace Halima?"

"Ƙanwar babanki. Ita da wanta Musa."

Ni'ima ta san babanta yana da ƙanne biyu da suka rasu suna yara. Iyakar abin da ta sani ke nan. Ba a maganar a gidan.

"Shekara talatin da huɗu ke nan," in ji Iya, idonta a kan tafin hannunta. "Da damina. An yi ruwa kwana uku ba ɗaukewa, katangar bayan gida ta faɗi. Babanki yana garin Kudan wurin kawunsa, shi ya sa ya tsira. Musa shekararsa bakwai. Halima huɗu."

Ta ɗago ta dubi Ni'ima.

"Ina da ƙanwa. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Talatu."

"Iya, kina da ƙanwa?"

"Na hana a ambace ta. Aure take a Paki. Da ta yi haihuwar fari, iyayenmu sun rasu, sai ta zo wankan jego wurina. Ana gama suna da 'yan kwanaki aka fara kwanciya. Kakanki ya kwanta. Ni na kwanta. Musa ya tashi da safe yana wasa, kafin la'asar an kai shi. Kowa a gidan nan ya zube. Ban da Talatu. Ban da jaririyarta. Ko ciwon kai."

Malama na tsaye, hannunta a kan tebur, ba ta motsa ba.

"Sai aka fara magana. Aka ce dubi yadda yaron ya tsotse a wuni ɗaya, wannan ba ciwo ba ne, kurwa aka kama. Aka ce wace ce baƙuwa a gidan? Wace ce ba ta kwanta ba?"

"Iya..."

"Bar ni in ƙarasa. Da Halima ta fara, na tashi da rarrafe na je ɗakin Talatu. Na jawo ta. Na ce ki tsallaka ta, ki sakar mini 'ya. Tana kuka tana cewa, Yaya ni ce fa, Yaya ni ce. Ta tsallaka. Sau uku na sa ta. Halima ba ta ga magariba ba."

Muryar Iya ta koma ƙasa.

"Na watsa mata kayanta waje ana ruwa. Jaririyar kwananta goma sha tara. Na ji labarin maganar ta bi ta har Paki, ta hana ta zama. Daga nan ban sake jin inda ta yi ba. Ban kuma tambaya ba."

Ta ɗago jajayen idanu ta dubi Malama.

"'Yar nan, ke mai ilimi ce. Na yarda da abin da yarinyar nan ta lissafa, ba ta bar ko ɗaya ba. Amma in ciwo ne, me ya sa ya ci gida guda ya bar mutum ɗaya? In ba ita ba ce, me ya sa ba ta kwanta ba?"

Malama ta juya ga Ni'ima.

"Amsa mata."

"Malama, ni..."

"Tambayar jarrabawa ce. Gida ɗaya, rijiya ɗaya, mutum biyu ba su kamu ba. Me za ki fara tambaya?"

Ni'ima ta rufe ido. Shafukan littafin suka riƙa wucewa a kanta. Akwai waɗanda ƙwayar ke shiga ba ta kwantar da su, ta san wannan. Amma Malama ta ce me za ki fara tambaya. Me suka ci. Me suka sha.

Ta buɗe ido. Ta durƙusa gaban kakarta.

"Iya, su Musa wane ruwa suke sha?"

"Na randa. Daga rijiyar gida."

"Ku ma?"

"Mu ma."

"Ita mai jegon fa?"

"Mai jego ai ba ta shan ruwan sanyi. Kunun kanwa da ruwan zafi. Ni da kaina nake tafasa mata, safe da yamma. Ko kurɓin na randa ban bari ta yi ba, har faɗa muke yi. Da na kwanta ma ita ta ci gaba da hura wutarta."

"Jaririyar?"

"Nono mana. Me jaririyar kwana..."

Iya ta tsaya. Bakinta a buɗe.

"Tafasa tana kashe ƙwayar, Iya." Hawaye ya zubo wa Ni'ima. "Ke kika tsare ta. Da hannunki. Tukunyar nan da kike ɗorawa safe da yamma, ita ta hana ta kwanciya."

Daga nesa ana jin hon ɗin motocin rake suna fita kasuwa.

"La'ilaha illallahu," Iya ta faɗa a hankali. "Wutar da na hura mata, ita na kafa mata shaida da ita."

Ta miƙa wa Ni'ima hannu.

"Tashe ni. Ina so in gan shi."

Ni'ima ta dubi Malama. Malama ta gyaɗa kai.

Iya ta sunkuya a kan madubin. Wannan karon ba ta yi baya ba. Ta daɗe.

"Waɗannan 'yan jajayen?"

"Su ne. Rini aka yi musu don su fito."

"Ba sa motsi."

"Matattu ne, Mama," in ji Malama. "An kashe su an like a gilashi don karatu."

"Wannan ɗan abin. Wanda dubunsa ba su cika bakin allura ba. Shi ya ɗauki Musa, yaron da ke iya ɗaga tulu." Ta girgiza kai. "Allah mai iko. Ya ɓoye shi a ruwan da muke alwala da shi, sannan ya ajiye maganinsa a murhu. Muna zaune tsakanin su biyu ba mu sani ba."

Ta ɗago, ta share fuska da bakin mayafi.

"Ya Allah, Talatu. Ina zan kai wannan haƙƙin?"

Malama ta yi gyaran murya. Ni'ima ba ta taɓa jin muryar nan tana rawa ba sai yau.

"Mama. Jaririyar nan. Ya sunanta?"

"Ni na zaɓa mata. Uban ya ce tunda a ɗakina aka haife ta, in faɗa. Na ce Mukarrama."

Ni'ima ta waiga. Idonta ya sauka kan katin da ke wuyan Malama. Sunan da take gani kullum. Mukarrama Abdulƙadir.

Malama ta sa hannu ta cire takunkumin.

Iya ta ƙura mata ido. Goshin. Hancin. 'Yar wushiryar da ta bayyana lokacin da leɓen ke rawa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Talatu ce sak."

"Ni ce aka fitar a cikin ruwan, Mama."

Iya ta yi kamar za ta faɗi, Ni'ima ta tare ta.

"A Paki ba yaron da ke sa hannu a kwano ɗaya da ni," in ji Malama. "'Yar mayya suke ce mini. In jaririn wani ya yi zazzaɓi, ƙofarmu ake jifa. Babana ya rasu ina shekara shida, muka koma Ikara inda ba a san mu ba. Da koko da ƙosai Inna ta yi mini karatu."

Ta nuna madubin.

"Ranar da na fara ganin wannan gilashin ina ɗaliba, fita na yi na zauna a bayan aji ina kuka. Na je gida na zana mata shi a takarda. Na ce Inna, ga wanda ya kashe su Musa. Kin san me ta ce? Ta ce, ni ai na san ba ni ba ce. Yaya ce ba ta sani ba."

Iya ta toshe bakinta da mayafi.

Malama ta dubi Ni'ima.

"Tun ranar da na ga takardunki na san ke wace ce. Ni'ima Yahya, Dandamisa. Na matsa miki. Wani lokaci don ki iya ne. Wani lokaci kuma... ban san don me ba. Allah ya yafe mini." Ta ja numfashi. "Yau minti ɗaya da rabi kika yi. Ki shigo ranar Litinin."

Ni'ima ta sunkuyar da kai.

Iya ta saki jikarta. Ta durƙusa, tsohuwa mai shekara sittin da biyar, a gaban 'yar ƙanwarta.

"Tashi, Mama. Don Allah tashi. Ba ni za ki durƙusa wa ba."

"Tana raye?"

Malama ta juya baya. Ta cire safar hannu, ta je famfo ta wanke hannu da sabulu, a hankali, kamar mai neman lokaci. Ta fita baranda. Suka bi ta.

Ta zaro waya daga aljihu, ta danna, ta sa a lasifika.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku.

"Salamu alaikum. Mukarrama? Lafiya kika kira yanzu, ba kina aiki ba?"

Muryar tsohuwa ce, siririya, da ƙarar ludayi a bayanta.

Iya ta damƙe hannun Ni'ima har sai da ya yi zafi.

"Inna, ajiye abin da ke hannunki ki zauna," in ji Malama. "Akwai wadda ke gabana."

Ta miƙa wayar. Iya ta karɓa da hannu biyu. Ta kai ta kusa da bakinta.

"Talatu..."

Ƙarar ludayin ta tsaya.

Ni'ima ta leƙa ta ga ko layin ya yanke.

"Yaya Kulu ce?"

"Ni ce. Talatu, na gani da idona. Na ga abin. Ba ke ba ce, ƙanwata, ba ke..."

"Kar ki ce komai a waya."

Muryar ba ta ɗaga ba, ba ta kuma yi rawa ba.

"Mukarrama, kina ji na? Ki sa ta a mota ki kawo mini ita yanzu, kafin magariba. Kar ta nemi gafarata tukuna. Akwai abin da na gani a bakin rijiyar nan da asubar ranar da Musa ya kwanta. Ko ke ban taɓa faɗa wa ba."

Ƙit. Talatu ta kashe wayar.